Fatoma a Cikin Gajimare: Ɗan Kasuwa da Manhajar Haya

A watan Maris na 2016 gobara ta tashi cikin dare a Kasuwar Sabon Gari ta Kano, ta lashe dubban shaguna kafin a shawo kanta. Abin da idon ɗan kallo ya gani shi ne hajar da ta ƙone, da kwanon rufi da ya lanƙwashe, da masu dukiya sun yi cirko-cirko. Amma duk wanda ya taɓa zama a bakin shago ya san akwai wata asarar da ba ta fitowa a hoton jarida, wato littafin bashi. Haja in ta ƙone, mutum kan sami wanda zai ba shi wata bisa amana, ya sake miƙewa. Littafin da aka rubuta wane ya ɗauki dila kaza, wance ta rage kaza, in ya zama toka, to sai abin da mai tsoron Allah ya kawo da ƙafarsa. Ba banza ba aya mafi tsawo a Alƙur'ani ta sauka a kan rubuta bashi.

Na fara da gobara ne domin in sauke nauyin gaskiya tun da wuri. Hujja mafi ƙarfi da masu tallar manhajar da ke zaune a intanet suke da ita, hujja ce ta gaske. Ɗan kasuwar da lissafinsa yake cikin wata na'ura mai nisan dubban kilomita, shagonsa na iya ƙonewa ƙurmus, washegari ya ari wayar maƙwabci, ya shigar da kalmar sirri, ya tarar da sunan kowane mai bashi da ranar da ya ci shi. Babu abin kushewa a nan. Jayayyata a kan yadda muke fahimtar cinikin da aka ƙulla take. Ina ganin sunan da aka laƙaba wa abin ya hana mu gane cewa tsohuwar hulɗa ce da Bahaushe ya daɗe da sanin ƙa'idojinta, sai dai a wannan karon an kawo mana hulɗar, an baro ƙa'idojin.

Da can, kamfani in yana son manhajar lissafi, sayenta yake yi a faifai, ya ɗora a kwamfutarsa, ta zama tasa kamar yadda sikeli yake nasa. Ko wanda ya ƙera ta ya karye, ita tana nan tana aiki. A sabon tsarin kuwa manhajar ba ta barin gidan mai ita. Shi yake kula da ita, shi yake sabunta ta, kai kuma kana leƙa ta ta intanet, kana biya duk wata ko duk shekara, yawanci gwargwadon yawan ma'aikatanka da ke amfani da ita. Bayanan da kake shigarwa su ma can suke kwana. Kamfanin Salesforce, wanda aka kafa a Amurka a 1999, yana cikin waɗanda suka fara mai da wannan tunani kasuwa, har alamarsa ta talla ta kasance kalmar manhaja ce da aka ja wa jan layi aka soke. Amazon ya fara ba da hayar ma'ajiya da na'urori a 2006, abin da ya ba ƙaramin kamfani damar gina manhajar haya a kan filin haya. A 2013 Adobe ya sanar da cewa sababbin manhajojinsa na zane da tace hoto ba na sayarwa ba ne kuma, sai dai haya. Mai gidan ɗab'i a Zariya da mai tace fim a Kano ba a yi shawara da su ba, amma hukuncin ya hau kansu.

Turawa sun kira wurin da waɗannan na'urori suke da kalmarsu ta gajimare, saboda injiniyoyi sun saba zana hoton gajimare a taswirar sadarwa a duk inda ba sa bukatar bayyana abin da ke ciki. Masu fassara a wajenmu suka ɗauko kalmar yadda take, wani ya ce gajimare, wani ya ce girgije. A ganina wannan fassara ta yi wa lafazi biyayya, ta ci amanar ma'ana. Gajimare a tunanin Bahaushe ba shi da mai shi a bayan ƙasa; rahama ce da ke yawo a sama, ba a biya mata haya, ba a sa mata kwaɗo. Abin da ake magana a kai kuwa gine-gine ne na siminti da ƙarfe, masu katanga da masu gadi, masu shan lantarki kamar ƙaramin gari, a jihar Bajiniya ta Amurka ko Dublin ko Frankfurt. Manyan cibiyoyin da Microsoft ya buɗe a nahiyarmu a 2019, da Amazon a 2020, da Google a 2024, duk a Afirka ta Kudu suke. Kowace cibiya tana da mai ita, mai ita kuma yana ƙarƙashin dokar wata ƙasa. Saboda haka zan kira abin manhajar haya, mai ba da ita kuma zan kira shi da sunan da ya fi kama da aikinsa, wato fatoma.

Masu nazarin tarihin fatauci sun san wannan mutum. Falken da ya taso daga Kano ko Katsina ya nufi Gwanja neman goro, in ya isa Salaga ba ya gina gida, ba ya gina rumbu. Sauka yake yi wurin mai masauki, wanda zai ciyar da shi, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya yi masa tafinta, ya riƙe masa kuɗi, ya kuma tsaya masa in an yi ciniki bashi. Paul Lovejoy ya bi diddigin wannan fatauci a littafinsa na 1980 kan ayarin goro. Abner Cohen kuma, a nasa na 1969, ya nuna yadda cinikin shanu da goro na unguwar Sabo ta Ibadan ya rataya a wuyan masu gidaje. Abin da falke yake samu a nan shi ne daidai abin da ake tallata wa ɗan kasuwar yau: zo da hajarka da basirarka, sauran kayan aiki akwai su, ba sai ka binne jarinka a cikinsu ba.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da lantarki yake zuwa kamar baƙo. Mai shagon magani da ke da rassa uku, in ya ce zai ajiye babbar na'ura tasa, sai ya tanadi janareto ko sola da batura, da injiniyan da zai zo in ta tsaya, wanda kuma ranar da ya sami aiki a Abuja zai tafi da ilmin komai a kansa. Da manhajar haya, wayar hannu ta wadatar. Yana gida zai ga abin da aka sayar a kowane reshe, da maganin da ya kusa ƙarewa, da wanda wa'adinsa ya kusa cika. Yaron shago kuma ya san idon maigida yana kan littafin ko da ƙafarsa tana Makka. Akwai kuma gaskiyar da ba mu cika son faɗa ba. Manhajar da da yawa daga cikinmu muke kira tamu, kwafin sata ce da aka ɗora mana a shagon gyaran kwamfuta, ba ta karɓar gyaran tsaro, wani lokaci ma da cutarta ta zo. In aka gwada ta da wadda ƙwararru suke gadi dare da rana, tazarar ba ta ɓoyuwa. Sau da yawa ma ta ƙofar mai haya ɓarawo yake shiga. A 2024 an kwashi bayanan kamfanoni da dama da ke ajiya a Snowflake, kuma ba katangar rumbun aka fasa ba: kalmomin sirrin da aka sace aka yi amfani da su, a asusun da ba a sa wa mataki na biyu na tantancewa ba. Shagon da mutum biyar suke amfani da kalmar sirri ɗaya, har da yaron da aka sallama bara, ba shi da bakin zargin fatoma.

To, me ya hana fatoman Salaga ko na Sabo cin amanar baƙonsa? Halin kirki yana ciki, amma akwai abubuwan da suka yi masa linzami. Jarinsa sunansa ne, labari kuma yana tafiya da ayari. In ya cuci Bakano guda, kafin shekara ta zagayo an ji a Kurmi. Akwai sarkin zango da limami da dattawa da za a kai ƙara gabansu, cikin harshen da mai ƙara yake ji, a tazarar da ƙafa za ta kai. Mafi girma duka, kayan falke abin ƙirgawa ne, abin ɗauka. In zama bai yi daɗi ba, ya sa a fito masa da huhunan goronsa, ya ɗora wa jakuna, baɗi ya sauka gidan wani. Fatoma ya san da haka. Matsalolin manhajar haya, in aka bi su a hankali, za a tarar kusan kowacce daga tsinkewar ɗayan waɗannan linzamai ta taso.

Falke yana kwana gida ɗaya da kayansa; mai manhajar haya kuwa tsakaninsa da littafinsa akwai teku. Ranar 14 ga Maris 2024, cikin kwanakin farko na azumi, manyan wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a wajen gaɓar Kwaddibuwa. Intanet ya yi rauni ko ya ɗauke a ƙasashe da dama na yammacin Afirka, bankuna a Nijeriya suka yi ta ba jama'a haƙuri, gyaran kuma ya ɗauki makonni. Wannan tsautsayi ne. A Satumban 2021 kuwa hukuma ce da kanta ta ba da umarnin rufe layukan sadarwa a jihar Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, aka bi da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna. Abin da aka ce na mako biyu ne ya ja makonni masu yawa. Ɗan kasuwar Gusau da littafinsa yake Dublin, a waɗannan makonni daidai yake da wanda nasa ya ƙone, illa dai shi nasa zai dawo. Manhajar da aka ƙera a inda intanet ba ya yankewa takan ɗauka haka duniya take. Wadda ta dace da mu ita ce mai ci gaba da aiki a cikin waya ko da babu layi, ta aika da abin da aka rubuta in ya dawo. Akwai irinta, amma sai an tambaya.

Sai kuɗin haya. An ce haya ta fi saye sauƙi, kuma haka ne a watan farko. Amma hayar da aka yanke da dala, mai samun naira bai san nawa ya amince zai biya ba. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma. Zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Mu ƙaddara kamfani mai ma'aikata biyar, kowanne ana biya masa dala 30 a wata. Dala 150 ɗin nan da take naira 69,000 ta koma 225,000, alhali fatoma bai ƙara ko sisi ba. Wanda dama a kasuwar bayan fage yake sayen dalarsa, tsallen bai kai haka ba, amma shi ma ya ga ninki. Tun a 2022 ma bankuna da yawa sun rage abin da katin naira zai iya biya a waje zuwa dala 20 a wata, wasu suka dakatar gaba ɗaya, sai ga mutum da kuɗinsa a hannu yana neman wanda zai biya masa haya don kada a rufe masa littafi. Sikelin da ka saya, ranar da kasuwa ta mutu yana nan a shago. Manhajar haya kuwa a ranar ce take rufe ƙofa. Wasu kamfanoni, irin Zoho na Indiya, sun yanke farashi da naira, kuma sassauci ne na gaske, ko da yake mai yanke farashi yana iya sake yanke shi.

Shi kansa rumbun fatoma yana ƙonewa. A Maris 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin cibiyoyin kamfanin OVHcloud a birnin Strasbourg na Faransa, wasu masu ajiya suka rasa bayanansu har abada, domin kwafin da suke taƙama da shi yana cikin harabar da wutar ta kama. A Mayun 2024 kuskuren saiti a Google ya share rumbun UniSuper, asusun fansho na ma'aikatan jami'o'in Ostareliya mai mambobi fiye da rabin miliyan. Abin da ya rage asarar, kamar yadda ɓangarorin biyu suka sanar, shi ne kwafin da asusun ya ajiye a wurin wani kamfani daban. Ba ina cewa gidan fatoma ya fi shago haɗari ba. Bai fi ba. Tambayata ita ce, in abin ya faru, wa zai biya?

A nan fiƙihun da muka gada yana da abin cewa. Malaman Malikiyya sun bambanta mai riƙon ajiya da mai sana'a. Wanda aka ba ajiya amintacce ne, ba a ɗora masa biya sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka. Amma tela ko marini da ya kafa kansa yana yi wa jama'a aiki, yana kuma ɗauke kaya ya kai su inda mai su ba ya gani, shi an ɗora masa lamuni, sai in an sami shaidar cewa ba daga gare shi ɓarnar ta zo ba. Dalilinsu maslaha ce: mutane ba su da makawa sai sun kai masa, ba su kuma da hanyar sanin abin da ya faru a bayan idonsu. Fatawa ta malamai ce, amma da wuya a sami siffar da ta fi wannan kama da mai manhajar haya. Yarjejeniyar da muke danna wa amincewa ba tare da mun karanta ba kuwa, akasin haka ta tanada. Bisa al'ada takan ƙayyade iyakar abin da kamfani zai biya da kuɗin hayar da ka ba shi cikin wata goma sha biyun da suka wuce, ta kuma cire ribar da ta kuɓuce maka. Alƙawarin cewa manhaja za ta yi aiki kashi 99.9 cikin ɗari yana nufin an yarda ta tsaya kusan awa tara a shekara. In ta wuce haka, diyyar yawanci ragin kuɗin haya ce. Awa tara a watan Safar ba komai ba ne. Awa tara a jajibirin salla, ga mai sayar da takalma da kayan yara, wani labari ne. Kotun da za a kai ƙara kuma tana iya zama a Kalifoniya ko Dublin, da Ingilishin lauyoyi. Sarkin zango ya yi nisa.

Fatoma kuma talakan wani sarki ne. A Oktoban 2019 Adobe ya aika wa masu hayarsa na Benezuwela cewa zai rufe asusunsu, saboda umarnin takunkumi da fadar shugaban Amurka ta fitar. Mai zanen da ke Karakas bai yi laifin komai ba, bai kuma ci bashin haya ba. Daga baya kamfanin ya sami izini ya janye matakin, amma an riga an ga inda makunnin yake. Da faifai ne a aljihun tebur, babu umarnin da zai tsallaka teku ya ɗauke shi. Dokar CLOUD ta Amurka ta 2018 kuma ta ba hukumomin ƙasar damar neman bayanai daga kamfanoninta ta hanyar shari'a, ko a wace ƙasa aka ajiye su. Ke nan kawo na'urar Legas kaɗai bai sauya wanda fatoma yake jin tsoro ba.

Linzamin da tsinkewarsa ta fi damuna shi ne ikon ɗaukar kaya a tafi. Shiga manhajar haya minti goma ne, sau da yawa ma watan farko kyauta ne. Bayan shekara biyar kuwa, ma'aikata sun saba da ita, an ɗaura ta da na'urar karɓar kuɗi da lissafin albashi da na haraji, tarihin kowane abokin ciniki yana ciki, cikin tsarin da ita kaɗai ta san kansa. Kamfani zai ce maka bayananka naka ne, kuma bai yi ƙarya ba. Zai ba ka su a jadawali mai dubban layuka, amma alaƙar da ke tsakanin rasit da biya da ragowar bashi, da hotunan takardu, da tarihin wanda ya gyara wane adadi a wace rana, ba lallai su biyo ba. Kamar a ce falke ya nemi goronsa, a zazzage masa shi a ƙasa, a riƙe huhun da ganyen da igiyar. Wanda ya san ba za ka iya tashi ba, ba ya shakkar ƙara maka haya. Wani lokaci ma fatoman ne yake tashi: Intuit ya janye QuickBooks daga Indiya a 2023, aka ba ƙananan kamfanonin da suka gina lissafinsu a kanta wa'adi su kwashe. In kasuwa mai girman Indiya ba ta riƙe kamfani ba, bai kamata mu ɗauka tamu za ta riƙe shi ba.

Tarayyar Turai, wadda ta fi mu ƙarfin ciniki nesa ba kusa ba, sai da ta yi doka a kan wannan. Dokarta ta bayanai da ta fara aiki a Satumban 2025 ta wajabta wa masu ba da wannan hidima su sauƙaƙa wa mai haya komawa wani wuri, ta kuma tsara soke kuɗin ƙaura daga Janairun 2027. Dokar kare bayanai ta Nijeriya ta 2023 ci gaba ce, amma bayanan ɗaiɗaikun mutane take karewa. Hasali ma nauyi ta ɗora wa ɗan kasuwa: sunaye da lambobin wayar abokan cinikinsa da ya zuba a manhaja, shi doka za ta fara tambaya in sun fita. Littafin cinikinsa a matsayin dukiyar kamfani, da haƙƙinsa na karɓo shi cikakke cikin siffar da wata manhaja za ta iya karantawa, wannan yana hannun yarjejeniyar da ba shi ya rubuta ba. Nan ne nake ganin hukumar NITDA, wadda ta fitar da manufar ƙasa kan wannan fanni tun 2019, take da aikin da ya fi taron bita.

Wani zai ce, to a koma gida mana. An yi masu komawa. Kamfanin 37signals na Amurka, da ya ga ya kashe dala miliyan 3.2 a hayar na'urori a 2022, sai ya sayi nasa ya kwashe kayansa. Amma shi kamfani ne na injiniyoyi. Mai sayar da taki a Funtuwa ba zai bi sawunsa ba, ba ma shawartarsa da hakan. Tsaka-tsakin da nake hange shi ne manhajoji masu buɗaɗɗen tushe irin Odoo da ERPNext, waɗanda ake iya ɗora su a na'urar da aka ga dama, a kuma ɗauke su in an so. Nan matasanmu masu ilmin kwamfuta suke da sana'a: su zama fatoman unguwa, wanda aka san gidan ubansa. Sai dai kada kishin gida ya rufe mana ido. Ƙaramin kamfanin gida ya fi Microsoft saurin mutuwa, kuma da yawansu su ma a kan na'urorin Amazon suke haya.

Shawarar da zan ba ɗan kasuwa ba ta da tsada. Kafin a shiga, a gwada fita: a zuba bayanan mako guda, a sauke su, a ga ko wata manhaja za ta karanta. Bayan an shiga, a mai da sauke kwafi al'ada kamar ƙirga ciniki kafin rufe shago, a ajiye shi a wurin da ba na fatoman ba, ba kuma cikin shagon ba. Ƙungiyoyin kasuwa irin na Kantin Kwari da Dawanau da Singa, da suka iya zama da gwamnati a kan haraji, za su iya zama da mai manhaja a kan farashin naira na shekara, da wa'adin sanarwa kafin ƙari, da inda za a yi sulhu in an saɓa. Mutum ɗaya danna amincewa kawai zai iya yi. Ƙungiya mai dubban shaguna tana iya sa a sauya sakin layi.

Saura namu, mu masu nazarin Hausa. Tun aikin keɓaɓɓun kalmomi da Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990 muke da al'adar zama mu raɗa wa sabon abu suna, amma a wannan fanni mun bar aikin ga masu fassarar gaggawa da injinan fassara. Wanda aka ce masa kayansa suna gajimare, sai ya ɗaga kai sama ya yi hamdala. Wanda aka ce masa suna gidan fatoma bisa haya, tambayoyin kakanninsa za su zo masa da kansu: nawa ne, wa ya tsaya masa, ina za a kai ƙara. Fassara sharuɗɗan waɗannan yarjejeniyoyi zuwa Hausar da Alhaji zai fahimta in an karanta masa, aiki ne da ya cancanci kundin digiri, ya kuma fi wasu da muke sa hannu a kansu amfani. Akwai ma abin da ya shafi haruffanmu kai tsaye. Manhajar da ba ta san ƙ da ɗ da ɓ ba, ko ta karɓe su amma ta kasa jera su da nemo su, takan raba mutum ɗaya gida uku, Ɗanladi da Danladi da D'anladi, kowanne da nasa bashin. In kuma aka sauke kwafi cikin tsarin haruffan da bai dace ba, sai masu lanƙwasa su koma alamar tambaya ko tarkacen da ba ya karantuwa. Duk wanda ya taɓa buɗe tsohon kundi da aka buga da haruffan Rabi'at a kwamfutar da ba ta da su ya san wannan ciwo.

Kuma ba 'yan kasuwa kaɗai ke zaune gidan fatoma ba. Jami'o'i da yawa sun karɓi akwatin wasiƙa da ma'ajiya kyauta daga Google a lokacin da ake cewa ma'ajiyar ba ta da iyaka. Malamai suka zuba kundaye, da hotunan rubuce-rubucen ajami, da sautin hirarraki da tsofaffin da yanzu ba su da rai. A 2021 kamfanin ya sanar da cewa daga Yulin 2022 tirabait 100 ne tushen abin da kowace makaranta za ta samu, a raba tsakanin malamai da ɗalibai duka. Bai saɓa yarjejeniya ba. Ita ce ta ba shi dama. Ita kanta wannan mujalla da ake karantawa a intanet tana kwance ne a wata na'ura da wani yake biya wa haya, kuma zai kyautu kwamitin editoci ya sa a ajandar zamansa na gaba a ji sunan wanda kalmar sirrin take hannunsa, da ranar da aka sauke kwafi na ƙarshe.